Yadda za ku rufe sirrin ƴaƴanku a waya: jagora ga iyayen Damagaram

A gidaje da yawa na Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, wayar farko da yaro yake riƙewa ba tasa ba ce. Ta uwarsa ce, ko ta yayansa, ko tsohuwar Tecno da uban ya ajiye bayan ya sayi sabuwa. Layin da ke ciki da katin shaidar wani babba aka yi masa rajista. Asusun Google kuwa mai shagon da ya sayar da wayar ne ya buɗe, shi ya zaɓi kalmar sirrin, wani lokaci ma lambar wayar ce kawai ya mayar kalmar sirri. Saboda haka kafin a kai ga maganar baƙon da ke wata ƙasa yana farautar yara, a fara da na kusa: abokin da ya ari waya a fada, mai caji, mai gyara, gurup ɗin aji, da mu iyaye kanmu.

Aikin da za mu bayyana awa ɗaya ya ishe shi a waya guda. Ku yi shi yaron yana zaune gefenku, kuna gaya masa dalilin kowane abu. Abin da aka kulle masa a ɓoye zai buɗe, ko ya buɗe wani shafin a wayar abokinsa, nan kuwa ba ku da ido ko kaɗan. Sunayen wuraren dannawa mun kawo su da Faransanci, yadda suke fitowa a yawancin wayoyinmu. Idan wayar daga Kano ta zo da Ingilishi, wurin ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta.

Wayar kanta tukuna

Ku kulle allon da lamba shida, ba da zanen yatsa ba. Zanen nan da ake ja a kan ɗigo tara, wanda ke zaune gefe sau ɗaya zai gani ya haddace, kuma maiƙon yatsa yana barin sawunsa a gilashi. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. Daga yaron sai ku za ku san ta. Aminiya ba ta ciki, saurayi ba ya ciki.

Sai saƙonnin da ke leƙowa a allo waya tana kulle. A Paramètres, ƙarƙashin Notifications, ku zaɓi a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. Lambar tabbatarwa da WhatsApp ko Facebook ke turowa ta SMS a nan take bayyana, wanda ya riƙe wayar daƙiƙa goma zai karanta ta bai buɗe komai ba.

Layin ma yana da nasa kulle, kuma shi ne aka fi mantawa. Idan an sace waya, ɓarawo zare layin zai yi ya sa a wata, kullen allo bai hana shi komai ba, duk lambar tabbatarwa kuma wajensa za ta riƙa zuwa. A Sécurité akwai Verrouillage de la carte SIM. Ku kunna da lambar kamfani mai lamba huɗu, sannan ku sauya ta. Hattara: kuskure uku yana kulle layin, sai da lambar PUK mai lamba takwas da ke jikin katin robar da aka ɓallo layin daga ciki. Kuskure goma a PUK, layin ya mutu sai an koma ofishin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Kada a yi ta cinta, a nemo katin robar tukuna.

Asusun Google da wani ya buɗe, a sauya kalmar sirrinsa yau. Ku shiga Gérer votre compte Google, sai Sécurité. Ku duba lambar da aka sa ta dawo da asusu, ta zama taku ce ba ta mai shago ba, ku duba jerin wayoyin da asusun ke buɗe a cikinsu, wadda ba ku sani ba ku fitar da ita. Akwai kuma kuskuren da iyaye ke yi da kansu: uba ya bar asusunsa a wayar da ya ba ɗansa. Idan Google Photos yana kunne, hoton da ɗayansu ya ɗauka yana bayyana a wayar ɗayan, lambobin mutane kuma suna cakuɗewa. Kowa da asusunsa.

Na ƙarshe a nan, izinin da manhajoji ke nema. A Applications, cikin Autorisations, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasan tseren mota ba shi da aiki da lambobin mutane, tocila ba ta da aiki da makirfo. A saitin kyamara ma ku kashe rubuta wuri, don kada hoto ya riƙa ɗauke da daidai inda aka ɗauke shi.

WhatsApp, inda yawancin ɓarnar take

Gidan Birni ba a faɗa masa kai tsaye, baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama. WhatsApp yadda yake zuwa daga kamfani ba shi da zaure: duk wanda ya samu lambar yarinya yana ganin hotonta, yana ganin lokacin da ta hau, yana iya kiranta, yana iya jefa ta cikin gurup ba da saninta ba. Ku shiga Paramètres, sai Confidentialité. Photo de profil a mayar Mes contacts, ga ƙaramin yaro ma Personne ya fi. Lokacin hawa na ƙarshe shi ma haka. A Groupes a cire Tout le monde a sa Mes contacts. Daga nan wanda ba a ajiye lambarsa ba sai dai ya aiko gayyata a keɓe, in ba a amsa ba ta lalace bayan kwana uku. A Appels a kunna yin shiru da kiran baƙuwar lamba.

Amma duk wannan ya dogara da abu ɗaya: su wa ke cikin littafin lambobin yaron? Samari da ƴanmata suna da ɗabi'ar musayar lamba don kawai a ƙara masu kallon sitatu, "ajiye lambata in ajiye taka". Wanda aka ajiye ta wannan hanya, a wajen WhatsApp daidai yake da gwaggo da kawu. Ku zauna ku bi littafin tare, duk sunan da yaron ba zai iya cewa ga inda ya san shi ido da ido ba, a goge. A Statut kuma akwai zaɓin nuna wa zaɓaɓɓun mutane kaɗai, shi ya fi dacewa da yarinyar da ke son sa hotunan biki.

Gurup yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma kowane ɗan gurup yana ganin lambar kowa. Ta nan ne lambobin ƴan makaranta ke fita. Gurup ɗin aji na mutum arba'in da malami ke kula da shi ba shi ne matsala ba. Matsalar su ne waɗanda ake shiga ta hanyar danna mahaɗi, na "sada zumunci", na neman aure, na alkawarin tambayoyin BEPC ko BAC kafin ranar jarrabawa. Shiga ɗaya, lambar ta je hannun ɗaruruwan mutane, fita daga baya kuma ba ta goge ta a wayoyinsu.

Sai satar WhatsApp ɗin ɗungurungum. Yadda ake yi ba wuya: ɓarawo ya rubuta lambar yaron a wayarsa, kamfani ya turo lamba shida ta SMS zuwa wayar yaron, sai saƙo ya biyo baya, sau da yawa daga lambar wani ɗan aji da aka riga aka sace tasa: "Salamu alaikum ƙanwata, na yi kuskure na tura kod a lambarki, don Allah turo mini." Tana turawa, an fitar da ita. Hirarrakinta na baya ba sa bin ɓarawon, amma yana shiga duk gurup ɗinta, yana karɓar sabbin saƙonni, yana roƙon dangi kuɗi da sunanta. Maganin yana Compte, Vérification en deux étapes, wato tabbatarwa ta mataki biyu: ku ƙirƙiri wata lamba shida taku, ku haɗa da adireshin imel da kuke iya buɗewa. Dokar da yaro zai haddace kuwa gajera ce: lambar da ta shigo ta SMS ba a ba kowa, ko malami ne, ko wanda ya ce daga kamfani yake.

In an riga an sace, ku sake rajista da lambar a wayarku, ku sa sabon kod ɗin da zai zo. Da zarar an sa shi ɓarawon ya fita. Idan ya riga ya kafa tasa lambar ta mataki biyu, za ku jira kwana bakwai kafin ku shiga, amma shi ma yana waje duk tsawon lokacin. Ku sanar da dangi ta kira cewa kada su tura wa kowa komai.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan shiru, kuma a ganinmu ta fi illa, domin na kusa ne ke bin ta. WhatsApp yana ba da damar haɗa lamba ɗaya da na'urori huɗu. Wanda ya ari waya "zan yi kira minti ɗaya" yana iya haɗa ta da tasa, daga nan yana karanta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, wayar yarinyar kuma tana aiki lafiya lau. Ku buɗe Appareils connectés. Duk abin da ke jerin da ba ku sani ba, a danna shi a cire. Wannan a riƙa duba shi duk mako, yaron da kansa ya saba da yi.

Hoton "kallo sau ɗaya" kuwa ya yaudari yara da yawa. Gaskiya ne WhatsApp na asali yana hana ɗaukar hoton allo a kansa, amma wanda aka tura wa yana iya ɗaga wata waya ya ɗauka. Ga kuma GB WhatsApp da ire-irensa da ake turawa ta Xender, waɗanda aka gina su don ajiye abin da aka goge da wanda aka ce a kalla sau ɗaya. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba wanda zai lamunce muku inda saƙonni ke bi, kuma ana iya rufe lambar da ke amfani da su. In kun same shi a wayar yaro a cire, a sauke na Play Store. Ba ku da iko da wanda ke wayar ɗayan mutumin, shi ya sa abin da yaro zai riƙe shi ne: hoton da ba zai so Inna ta gani ba, kada a ɗauke shi tun farko.

Shekarar haihuwa da aka rubuta

Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp duk shekara 13 ne mafi ƙanƙanta a ƙa'idarsu. Adadin daga wata dokar Amurka ta 1998 ya samo asali, wadda ta hana tattara bayanan yara ƴan ƙasa da 13 ba da yardar iyaye ba, ba wai an auna an ga ɗan shekara 13 ya yi hankali ba ne. Ostireliya ma ta ɗaga nata zuwa 16.

Abin da ya shafe mu shi ne kariyar da aka tanada wa yara duk a kan shekarar da aka rubuta take aiki. A TikTok, tun Janairun 2021, shafin ɗan shekara 13 zuwa 15 a rufe yake zuwa, ba a iya aika masa saƙon keɓe, ba a iya sauke bidiyonsa. Wanda bai kai 18 ba ba ya yin shirin kai tsaye, kuma tun 2023 ana tsayar da shi bayan minti 60 a rana sai ya sa lamba. Instagram ma ya fito da shafukan matasa a Satumban 2024. Ba don alheri kaɗai suka yi ba: a Satumban 2023 hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 345, cikin dalilan har da barin shafukan yara a buɗe. To amma yaronmu, ko yayan da ya buɗe masa, 2000 ko 1998 yake rubutawa don a bar shi ya wuce. Nan take manhajar ta ɗauke shi baligi, ta cire masa duk wannan rumfa. Ku duba shekarar. In ƙarya aka rubuta kuma gyaran ya ƙi, a rufe shafin a buɗe sabo da shekarar gaskiya, ko da za a yi kukan mabiyan da aka rasa.

Bayan haka a TikTok ku tabbatar Compte privé yana kunne, ku kashe sauke bidiyo, ku kashe haɗa lambobin waya da nuna shafin ga wasu, domin ta nan ne duk mai lambar yaron yake gano shafinsa. Connexion Famille yana haɗa shafin uba ko uwa da na yaro: wayarku ta nuna hoton murabba'i da ake kira QR, tasa ta karanta da kyamara, daga nan kuna iya saita lokaci da saƙonni daga taku. A Facebook, cikin saitin sirri, masu ganin rubutu su zama Amis, tsofaffin rubuce-rubuce ma a taƙaita su, jerin abokai a mayar Moi uniquement, a hana neman shafin da lambar waya. A share sunan makaranta da unguwa daga bayanin kai.

Saiti ba ya rufe abin da bidiyon kansa ya tona. Yarinya ta yi rawa a ƙofar gida cikin kayan makaranta, ga allon shagon maƙwabci a bayanta, ga lambar babur ɗin babanta. Wanda ya san Damagaram bai buƙatar taswira. Ku kalli bidiyo biyu ko uku tare, ku ce mata ta lissafa abin da baƙo zai gane daga ciki. Darasin nan ya fi zama a kai fiye da faɗa.

Sa ido, da inda ya kamata ya tsaya

Ga yaron da bai kai 13 ba, Family Link na Google kyauta ne kuma yana aiki. Ku sauke shi a wayarku, ku buɗe wa yaron asusu ta cikinsa, ku sa asusun a wayarsa. Ba zai sauke manhaja ba sai kun amince, kuna iya ƙayyade awoyi, ku kulle wayar da dare, ku hana sa manhajar da ba ta Play Store ba. Abu biyu a sani: ba ya nuna muku abin da ake rubutawa a hira, kuma sabon umarni ba ya isa sai wayar yaron tana da intanet.

Manhajojin leƙen asiri da ake tallatawa, masu kwafo saƙon ɗanka a ɓoye, ba mu ba da shawarar su. Suna kwashe hirar yaron da hotunansa zuwa rumbun wani kamfani da ba ku san shi ba, kun ga ku da kanku kun fitar da abin da kuke son rufewa. Kuma ran da ɗan shekara 16 ya gano, ya daina gaya muku komai. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kulawar iyaye kuwa hakki ce, hanyar haɗa su biyun ita ce a yi a fili: yaro ya san kuna da lambar, ya san za ku duba tare da shi lokaci zuwa lokaci, waya kuma ba ta kwana a ɗakin yara. Yana girma kuna sassautawa.

Abin da mu manya muke sakawa

Sakamakon jarrabawa ya fito, uba ya ɗauki takardar ya sa a sitatu don murna. A jikinta akwai cikakken suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, makaranta da lambar ɗalibi. Haka takardar haihuwa da ake turawa gurup ɗin dangi, da katin makaranta, da takardar asibiti. Da waɗannan ne ɗan damfara yake kiran uwa ya ce shi malamin ɗanta ne, ya faɗi sunan yaron da ajinsa daidai, ya ce an kwashe shi zuwa babban asibiti, a turo jika ashirin yanzu ta Nita ko Amana. In irin wannan kira ya zo, a kashe, a kira lambar makarantar da aka sani, ko a tura wani a kabu-kabu ya gano. Murna kuwa ba a hana ba, a rubuta "Alhamdulillahi, ya ci", takardar ta zauna a gida.

Hoton jariri tsirara wajen wanka, bidiyon yaro yana kuka ana dariya, bidiyon dukan wanda ya yi fitsarin kwance: yaron zai kai aji shida, abokansa su tono. Yanzu ma akwai manhajojin da ke ɗaukar fuskar da ke hoton salla su ɗora a jikin tsiraici. Yaran wasu sun fi cancantar a kiyaye, ɗiyar maƙwabta a wajen biki, ko almajirin da ake ɗauka ana ba shi sadaka, ko marar lafiya da ake nema wa taimako. Ana iya neman taimako ba tare da fuska da raunin yaro a fili ba.

Makarantu ma hakan ya hau kansu. Darakta ko malamin da ke son sa hotunan ɗalibai a Facebook ya nemi yardar iyaye, jerin sunaye da maki kuma a liƙa a makaranta. Nijar tana da doka a kan wannan: dokar 2017-28 ce ta kafa hukumar kare bayanan sirri, HAPDP, aka sabunta ta da dokar 2022-59 ta 16 ga Disamban 2022. Ana kai mata ƙara idan wata ma'aikata ko kamfani ya yi wasa da bayanan mutum.

Mai gyara da mai caji

Kafin a bar waya wajen gyara, a zare layi da memori. Idan gilashi ne ko bakin caji, mai gyara ba ya buƙatar lambar kulle, in zai gwada ku buɗe da hannunku kuna tsaye. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da yanayin gyara da ke ɓoye komai. Ku sani goge hoto daga ma'ajiyar hotuna ba ya nufin ya tafi: yana zama a Corbeille kwana 30 ko fiye, wanda aka tura ta WhatsApp kuma kwafinsa yana cikin wata jaka ta daban a ma'ajiyar fayil. Wajen caji a kashe wayar gaba ɗaya kafin a miƙa. Masu tura waƙoƙi da finafinai kuma a ba su memori na daban da ba komai a cikinsa.

Idan hoto ya riga ya fita, ko ana barazana

Salon kusan ɗaya ne kullum. Shafi mai hoton kyakkyawar yarinya ko saurayi mai mota ya turo neman abota, hira ta yi daɗi, aka koma WhatsApp, aka yi kyautar kiredi, sai roƙon hoto ko kiran bidiyo. Ana samu murya ta sauya: a turo kuɗi ko ƙarin hoto, in ba haka ba za a tura wa Baba da ƴan aji. Kada ku ɗauka ƴanmata kaɗai ake yi wa. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a wannan damfara ta neman kuɗi samari ƴan 14 zuwa 17 aka fi kamawa, kuma a Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan sana'a. Wani lokaci kuma ba baƙo ba ne, tsohon saurayi ne da aka rabu da shi.

Jarin mai barazana tsoron da yaro ke yi wa iyayensa ne. Don haka maganar da za ta karya shi tun kafin abin ya faru ake yin ta: "Ɗiyata, ko me ya same ki a wayar nan, ni ko Innarki za ki fara gaya wa. Ba za a dake ki don kin faɗa ba." In yaro ya fi sakewa da yayarsa ko gwaggonsa, a ce masa ita ma ta isa. Ran da ya zo da maganar, a cika alkawari. Faɗa yana iya jira, kuma kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, domin kunya tana kai yaro ga cutar da kansa.

Kada a biya ko dala. Wanda aka ba jika biyar gobe goma zai nema, tunda ya gane akwai tsoro kuma akwai kuɗi. Kada a yi gardama da shi, kada kuma a goge hirar. A ɗauki hoton allo na barazanar, da lambarsa, da sunan shafinsa da adireshin shafin, da lambar da ya ce a tura kuɗi, da rana da lokaci; saƙonnin murya ma a bar su. Bayan an adana shaida a kai ƙararsa a cikin manhajar ta hanyar danna Signaler, sannan a toshe shi. A sauya kalmomin sirri, a duba Appareils connectés. Daga nan babba ya raka yaron komisariya ko wajen jandarma da wayar kanta.

Hoton kansa kada a tura wa kowa, ko kawu, ko malami, ko da sunan "ku ga abin da aka yi". Dokar 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet ta haramta yin hotunan batsa na yara da yaɗa su da ajiye su, kuma kowace turawa sabon kwafi ce. Wanda ya ga irin wannan a gurup ya kai ƙara, ya gaya wa shugaban gurup ya goge wa kowa, kada ya tambayi ɗiyar wane ce.

Akwai kuma wani shafin intanet mai suna Take It Down, na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kare yara, kyauta ga wanda aka ɗauki hotonsa bai kai 18 ba. Ana zaɓar hoton a wayar da yake ciki, ba ya barin wayar, wata lamba ce ta musamman ake cirowa daga jikinsa a raba wa kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok su toshe duk mai kama da shi. Ba ya shiga hirar WhatsApp, saboda ita a rufe take daga waya zuwa waya. Kuma kada a sa wani ya turo hoton don a yi wannan, da wanda ke wayar kawai ake yi.

Layin da aka yar da wayar da za a sayar

Yara suna sauya layi kamar ba komai, saboda garaɓasar wani kamfani ko don guje wa mai damu. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sabon mai shi kuma yana iya karɓar kod ya shiga shafin Facebook ɗin da ke ɗaure da lambar, dangi su ci gaba da tura saƙo suna zaton yaronsu ne. Kafin a yar da layi, a WhatsApp a bi Compte, Changer de numéro, tsohon layin da sabon duk suna hannu. A Facebook da TikTok da Google a sa sabuwar lamba, sannan a cire tsohuwar.

Wayar da za a sayar ko a ba ƙane, a kwashe abin da ake so, a fita daga WhatsApp da sauran shafuka, a cire asusun Google tukuna, sannan a yi Réinitialisation ta koma yadda ta fito daga kamfani. In ba a cire asusun ba kafin a goge, wayar tana iya tsayawa tana neman tsohuwar kalmar sirri, mai saye ya dawo yana tambayar ku ita. Memori kuwa ba ya bin waya kasuwa, ko an goge shi, domin akwai manhajojin da ke dawo da abin da aka share daga cikinsa.